Tsakanin Giginya Da Burmi: Wane Ne Jarumi?

Kwanan baya wani malamin makaranta ya zo ofishinmu a nan Sakkwato da takarda a hannunsa, yana roƙon a ɗauke shi daga ƙauyen da ya ke koyarwa, can gabas wajen iyakar ƙasa, a komo da shi kusa da birni. Ya ce 'yan bindiga sun shiga garin har sau biyu, sun kore shanu, sun tafi da mutane, ga shi kuwa yana da mata da 'ya'ya ƙanana uku. Abokin aikinsa, wanda su ke koyarwa tare, ya ce shi ba inda za shi, domin ranar da malamai suka watse, ran nan makaranta ta mutu, yaran kuwa ba wanda zai sake tara su.

Bayan malamin ya fita, sai waɗanda ke zaune a ofis suka rabu biyu. Waɗansu suka ce wannan matsoraci ne, ya gudu ya bar amana. Waɗansu suka ce a'a, wancan da ya zauna shi ne mai taurin kai, yana wasa da ransa da na iyalinsa. Mu dai muka yi shiru, domin mun lura da cewa duk masu yanke hukuncin nan a cikin birni za su kwana. Abin da ya faɗo mana a rai shi ne, ai garin nan namu ya taɓa shiga irin wannan hali, da sarkinsa da malamansa da talakawansa baki ɗaya. Muna ganin ya kamata mu tuna wa masu karatu labarin, ko ma sami ma'aunin da za mu auna mutanen nan biyu da shi.

RANAR GIGINYA

Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin watan Oktoba 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu. Sarauta ta same shi a mugun lokaci. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗa hannun Turawan Ingila tun 1901, Bauci da Zariya suka bi baya cikin 1902, ran 3 ga watan Fabrairu 1903 kuma aka ci Kano. Kowa ya san Sakkwato ta rage.

Shawara ta rabu uku a fada. Akwai masu cewa a tsaya a yi yaƙi, akwai masu cewa a nemi sulhu, akwai kuma masu cewa a yi hijira a bar wa Nasara ƙasa, kamar yadda Shehu ya bar Ɗagel ya nufi Gudu cikin 1804. Kowane ɓangare yana da malamai, kowane malami yana da littattafan da ya dogara a kansu. Ba a gama daidaita baki ba sai ga rundunar Kanar Morland ta iso.

Ran Lahadi 15 ga watan Maris 1903 aka ja dāga a filin da ke kudu da ganuwa, inda a ke kira Giginya. Sarkin Musulmi yana tsakiya, Marafa Muhammadu Maiturare yana riƙe da gefe ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim yana riƙe da ɗayan. Sojan Turawa ba su kai 1,000 ba, yawancinsu ma baƙar fata ne, da Hausawa a ciki, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa. Mutanenmu kuwa dawaki ne da māsu da takubba da kwari da baka, sai 'yan bindigogi kaɗan. Shekara biyar kafin wannan, cikin 1898, irin waɗannan makamai sun karkashe dubban mayaƙan Sudan a Umdurman cikin safiya ɗaya. A Giginya ma haka aka yi. Mahaya ba su sami ko isa ga sahun soja ba, wuta ta tarwatsa su, tun rana ba ta take tsaka ba an gama.

Abu ɗaya ya faru wanda har su Turawan da kansu suka rubuta shi da girmamawa. Sa'ad da rundunar ta watse, wata 'yar ƙungiya ta tsaya kewaye da tutar Sarkin Musulmi, ba su kai hari ba, ba su kuma ja da baya ba, har aka harbe su a nan inda su ke tsaye. Allah ya jiƙansu. Sunan wurin bai ɓace ba, ga filin wasa na Giginya da barikin soja na Giginya, amma samari nawa ne masu zuwa kallon ƙwallo suka san abin da ya faru a ƙasar da su ke takawa?

WANDA YA TAFI

Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas. Bai tafi don ya tsira da ransa ba, domin da haka ya ke so, da ya komo ya yi mubaya'a an bar masa gadonsa kamar yadda aka bar wa waɗansu. Ya tafi ne bisa ga fahimtarsa cewa bai halatta ga shugaban Musulmi ya zauna ƙarƙashin hukuncin wanda ba Musulmi ba matuƙar yana da ikon fita. Alƙali Abdullahi ya rubuta risala yana ƙarfafa wannan ra'ayi. Akwai kuma wata daɗaɗɗiyar magana da jama'a suka gada, cewa a ƙarshen zamani al'ummar Shehu za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen Kogin Nilu da Makka.

Abin da ya firgita Turawa shi ne yawan mutanen da suka bi shi. Duk inda ya ratsa, ta ƙasar Zamfara da kudancin Kano har Misau, sai manoma su bar gonakinsu ana gab da shuka, su ɗauki mata da yara su shiga ayari. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi, haka Sarkin Bida Abubakar wanda aka fitar, da Magajin Kafi Ɗan Yamusa. Ya aika wa Turawa cewa shi ba faɗa ya ke nema ba, hanya ya ke so a ba shi ya wuce, amma ba su ƙyale shi ba, domin sun ga in aka bar shi ƙasar za ta zama kango.

A Burmi, kusa da Kogin Gongola a ƙasar Gombe, tafiya ta ƙare. Mutanen garin sun riga sun kori wata rundunar Turawa ran 13 ga watan Mayu. Ran 27 ga watan Yuli 1903 Turawa suka komo da ƙarfi, aka wuni ana gwabzawa. Shugabansu, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi. Da yamma aka sami gawar Sarkin Musulmi a tsakiyar gawawwakin mutanensa, waɗanda suka mutu ran nan kuwa sun haura 600. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Garin yana nan har yau, da sunansa a ke kiransa, zuriyarsu kuma ba su manta da inda suka fito ba.

Ba mai jayayya a kan jaruntakar wannan bawan Allah. Ya bar mulki da gida da kabarin kakansa saboda abin da ya gaskata, bai kuwa tura kowa inda shi bai je ba.

WANDA YA ZAUNA

To, amma ba kowa ke iya tafiya ba. Akwai tsofaffi, akwai marasa lafiya, akwai mata masu ciki, akwai talakan da ba shi da ko jaki. Waɗannan su ne mafi yawa, ga su warwatse cikin ƙauyuka da daji, birni ya zama wayam. Wa zai tsaya musu?

Nan ne Waziri Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo, ya ɗauki kayan da ba mai sha'awar ɗauka. Ya tara malaman da ke tare da shi ya tambaye su hukunci. Suka duba, suka ce idan Musulmi suka rasa ƙarfi, suka kuma ji tsoron hallaka, an yarda su yi zaman lafiya da wanda ya rinjaye su a zahiri, muddin zuciya tana riƙe da imaninta, muddin kuma ba a hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Da wannan fatawa Waziri ya komo birni tare da waɗansu manyan fada. Gwamna Lugga ya iso, masu zaɓen sarki suka zaɓi Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, aka tabbatar da shi ran 21 ga watan Maris. Lugga ya faɗa musu a fili cewa ƙasa ta zama ta Sarkin Ingila, da naɗi da haraji duk sun koma hannun Gwamna, amma ya yi alkawari ba za a taɓa addini ba.

Wani zai ce ai wannan shi ne sauƙi, Waziri ya tsira da rawaninsa. Wanda ya faɗi haka bai san abin da mutumin nan ya rubuta da hannunsa ba. Ya bar wata risala da Larabci, wadda ya aika ga ma'abuta ilmi da tunani, ya bayyana dalilansa ɗaya bayan ɗaya. A ciki bai yabi kansa ba. Ya nuna cewa bayan ya komo, zuciyarsa ba ta kwanta ba, tsoro ya kama shi ko abin da ya yi ya taɓa imaninsa, har ya kai kukansa ga Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu. Alƙali ya kwantar masa da hankali, ya tuna masa cewa irin wannan masifa ta sami Musulmi a waɗansu ƙasashe tun dā, har Bagadaza kanta, malamansu kuwa ba su watse duka ba, ya kuma nuna masa cewa in kowa ya tashi, ƙasar da Shehu ya sha wahala a kanta za ta koma ba mai kiran salla a cikinta.

Jama'a, ku dubi wannan hali. Mutum ne babba, mai shekaru, wanda ya riƙe wazirci tun 1886, ya zauna ya rubuta shakkarsa a takarda don malamai su karanta su hukunta shi, na zamaninsa da na bayansa. Matsoraci ba ya yin haka. Matsoraci ɓoye sawunsa ya ke yi, ya ƙaga wa kansa labari mai daɗi. Mutuwar Burmi ta wuni ɗaya ce. Waziri kuwa ya shekara bakwai yana ɗauke da nasa kaya, yana gaida wanda ya ci garinsa da yaƙi, yana kuma sane da abin da a ke faɗa a bayan idonsa, har ya rasu cikin 1910.

RIBA DA HASARA

Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Zama ƙarƙashin mai ƙarfi yana da kuɗinsa, an kuwa biya. Cikin watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, yawancinsu talakawa da bayin da suka gudo, suka tayar, suka kashe Turawa uku da soja da dama. Cikin watan Maris aka aika da runduna ta rushe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Dawakin Sakkwato suna cikin waɗanda suka raka rundunar, shekara uku kacal bayan Giginya. Wanda ya zaɓi zama, wata rana sai an sa shi abin da ransa ba ya so. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma faɗinta ya fi rufe ta.

Ribar kuma ga ta. Ba a rufe masallatan Shehu da Bello ba, ba a tashi makarantun zaure ba, Hubbare yana nan ana ziyara. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u sun tsira a gidajen malamai, musamman a Giɗaɗawa. Cikin 1906 aka haifa wa Waziri Buhari ɗa, aka sa masa suna Junaidu, shi ne ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa cikin 1997, ya tattara littattafan nan ya tsare su, masu bincike daga ƙasashe masu nisa suka riƙa zuwa suna durƙusawa gabansa. Da mahaifinsa ya bi ayari, Allah kaɗai ya san inda takardun nan za su ƙare.

Ga kuma wani abin al'ajabi. A ranar da aka yi yaƙin Giginya, ran nan aka haifi wani yaro a Dange, aka sa masa suna Abubakar. Shi ne ya zama Sarkin Musulmi cikin 1938, ya shekara 50 bisa gado, ya ga saukar tutar Ingila da idonsa. Sarkin Rabah Ibrahim kuwa, wanda ya riƙe gefen dāga, shi ya haifi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Sa'ad da Jihar Arewa za ta karɓi mulkin kanta, ranar da aka zaɓa ita ce 15 ga watan Maris 1959, shekara 56 daidai, ita ma ran Lahadi. Waɗanda suka mutu a gindin tuta sun bar wa 'ya'yan nan abin tunawa, waɗanda suka zauna kuma sun bar musu garin da za su tashi a ciki. Da ɗaya ya ɓace, da ɗayan bai isa ba.

HALIN ƊAN ADAM

Yanzu ku lura da wani abu. Cikin 1903 wanda ya tafi shi a ke yabo, wanda ya zauna shi a ke zargi. A ofishinmu kuwa wanda ya zauna shi mafi yawa suka yaba, wanda ya nemi tafiya aka kira shi matsoraci. Ashe ba tafiya ce jaruntaka ba, ba kuma zama ba ne. Ƙafa ba ta da labari, labari yana ga zuciya.

Tun zamanin Sahabbai haka abin ya ke. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, shugabanni uku suka riƙe tuta ɗaya bayan ɗaya har aka kashe su, watau Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha. Halidu ɗan Walidu ya karɓa, ya ga yawan Rumawa ya wuce misali, ya yi dabara ya janye rundunar. Da suka komo Madina waɗansu suka riƙa yi musu gorin gudu, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kare su. An yabi waɗanda suka tsaya, an yabi wanda ya janye, a yaƙi ɗaya. Haka kuma Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya yaƙi Faransa daga 1832 har 1847, sa'an nan ya ajiye takobi da ya ga jinin mutanensa kawai ke zuba. Wanda ya zaci tsoro ne ya sa shi, sai ya tuna cewa shi ne cikin 1860 ya fito a Dimashƙa ya tare masu tarzoma, ya ɓoye Kiristoci masu yawa a gidansa.

Mu a ganinmu, tambaya uku a ke yi wa mutum kafin a ba shi sunan jarumi ko a hana shi. Ta farko, don wa ya yi abin da ya yi, don kansa ko don waɗanda ke wuyansa? Ta biyu, wa ya biya kuɗin shawararsa, shi da kansa ko ya tura wa waɗansu? Ta uku, ya yarda a binciki dalilinsa a fili, ko yana ɓoyewa? Attahiru ya ci wannan jarrabawa, Buhari ma ya ci. Waɗanda suka faɗi su ne irin mutanen da a ke samu a kowane zamani, masu zuga sarki ya yi yaƙi da safe, da yamma kuma su ne farkon zuwa gaida mai nasara. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Akwai kuma haɗari ta fuska biyu da ya kamata mu tsare ɗalibanmu daga gare shi. Kada malalaci ya fake da Waziri, ya ce shi ma haƙuri ya ke yi, alhali kuwa albashinsa ya ke tsaro, ya ga ana cutar marayu ya kau da kai. Waziri bai sami barci ba a kan abin da ya yi, mai fakewa da shi kuwa har minshari ya ke yi. Kada kuma mai zafin kai ya fake da Attahiru, ya ɗebi 'ya'yan mutane ya kai su ga hallaka da sunan addini, shi yana can baya. Attahiru hanya ya nema, aka hana shi, ya kuma mutu a sahun gaba.

MU KOMA GA MALAMANMU

Mutanen ƙasar Sabon Birni da Isa da Goronyo sun san wannan tambaya fiye da mu. Tun 2019 dubbai daga cikinsu suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu suka kwararo cikin birni, waɗansu kuma suka zauna bisa gonakin iyayensu, kome za a yi a yi. Ba wanda ya isa ya tsaya a inuwa ya rarraba musu sunaye.

Malamin da ya kawo takarda mun sa masa hannu. Da muka tambaye shi inda ya ke so, sai ya ce a kai shi inda yaran da suka yi gudun hijira su ke, domin da yawa daga cikinsu ɗalibansa ne, ya san sunan kowa da inda ya tsaya a karatu. Wannan amsa ta ishe mu. Abokinsa kuwa mun rubuta masa, mun gode masa, mun kuma gaya masa cewa duk ranar da ya ga zama ya ƙi, ya taso, ba wanda zai ƙirga masa shi a kan gudu. Mun kai maganar garin ga waɗanda tsaro ke hannunsu, za mu kuma ci gaba da kaiwa, domin ba daidai ba ne a nemi jaruntaka wurin mai alli da allo, alhali waɗanda aka ba bindiga da amana ba su kai gare shi ba.

Abin da mu ke roƙon malamai shi ne, in sun zo koyar da labarin 1903, kada su tsaya ga Giginya da Burmi kaɗai. Su gaya wa yara labarin dattijon da ya komo garin da aka ci, ya zauna ya rubuta tsoronsa. Yawancin yaran nan ba za a taɓa kiransu su tsaya gindin tuta ba, amma kowannensu wata rana zai sami kansa tsakanin abu biyu masu wuya, a ofis ko a kotu ko a cikin gidansa, ba mai ganinsa sai Allah. Allah ya jiƙan mazan jiya, waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.